Sharaɗin Begum Kausar

Sau biyu na yi wanka ranar da mahaifiyar saurayina Tanwir za ta zo ganina. Na farko a asibiti, bayan na miƙa aiki ƙarfe biyu na rana. Na biyu a gida, da sabulun da mahaifiyata, Ammi, ke ɓoyewa saboda baƙi. Duk da haka ina fitowa ta kamo hannuna ta kai hanci.

"Har yanzu ina jin warin maganin nan, Shagufta. Ƙara turare."

"Ammi, in na ƙara, ƙudajen garin Multan kaf sai sun biyo ni ɗaki."

"Ki rufa mini asiri yau ɗaya tak. Kada ki ɗauko zancen asibiti. In sun tambaya, allura kawai kike yi."

Na ƙara turaren. Shekara biyar ke nan da na karɓi lasisina na nas, kuma tun ranar farko a sashen yara aka ajiye ni. Shekara biyu kuwa Tanwir ya yi yana lallashin mahaifiyarsa kafin ta yarda ta tako lungunmu. Su masu shagunan yadi ne a kasuwar Husain Agahi, gidansu bene hawa biyu. Mu ɗaki biyu mahaifina, Abbu, ya rasu ya bar mana, sai keken ɗinkin Ammi.

Da la'asar motarsu ta tsaya a bakin lungu, don ba ta iya shigowa. Begum Kausar, mahaifiyar tasa, ta shigo tana tattare ƙafar wandonta, Sobiya yayar Tanwir tana biye da ita. A gefe-gefen kujera suka ɗosana kamar za ta cije su.

Na kawo tire, shayi da samosa da mangwaron da na yanka da kaina. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗora yatsu biyu a kaina ta janye.

"Tanwir ya ce mini a asibiti kike. Ni da na ɗauka likita ce."

"Nas ce ni, Khala. Ɓangaren yara." Khala, wato inna, na kira ta don girmamawa.

"To me kuke yi musu?"

Ammi ta yi caraf ta ce, "Allura ce kawai, Begum Sahiba, sai ɗan rubuce-rubuce."

"Ita na tambaya."

Na dubi Ammi, idonta yana roƙona. Amma matar da zan zauna da ita har ƙarshen rayuwa, ba zan fara mata da ƙarya ba.

"Komai nake yi, Khala. Allura, ƙarin ruwa, ba da magani. In yaro ya yi amai in goge. In ya yi zawo in wanke shi, in canja masa ƙunzugu."

Sobiya ta ja gyalenta ta toshe hanci. "Na 'ya'yan kowa da kowa? Har 'ya'yan masu shara?"

"Zawon duk iri ɗaya ne, Baji Sobiya. Ban taɓa ganin mai ƙamshi ba."

Begum Kausar ta dubi farantin mangwaro, ta dubi hannuna.

"Da wannan hannun kika yanka?"

"Shi kaɗai Allah ya ba ni, da ɗan'uwansa."

Da farcen ɗan yatsanta ta ture farantin. Ba su sha ko kurɓi ɗaya ba. Da ta miƙe ba ni ta kalla ba, Ammi ta kalla.

"Ba na ƙin 'yarki, kyakkyawa ce. Amma a gidanmu masu irin wannan aikin ta ƙofar baya suke shiga, kuma kofinsu daban ne."

Na raka su bakin lungu saboda kunyar Ammi. A kan idona ta sa direba ya tsiyaya mata ruwan gora, ta wanke yatsun nan biyu da ta taɓa kaina da su.

*

Ammi ba ta yi mini faɗa nan take ba. Sai da ta kwashe kofuna, ta zauna a gaban keken ɗinki, sannan kukan ya ƙwace mata.

"Kalma ɗaya na roƙe ki. Ɗaya! Bakinki ya fi ƙarfinki."

"Ƙarya kike so in yi mata?"

"Aure nake so ki yi! Shekararki ashirin da bakwai. Duk wanda ya zo ya ji nas ce sai ya juya. Mutum ɗaya ne bai juya ba, shi kuma kin ƙi ko kallonsa."

Na san wanda take nufi. Malik Iftikar, mai kantin magani a tsallaken ƙofar asibitinmu. Ya haura arba'in da biyar, matarsa ta rasu bara. Kullum bakinsa cike da pan, ganyen nan da ake taunawa kamar goro, jan yawu na taruwa a gefen leɓensa, in ya yi magana sai ka matsa baya don kada ya fesa maka. A bayan kantinsa akwai gado biyu da labule mai maiƙo, inda yake ɗaura wa mutane ruwa ba tare da ya taɓa zama a aji ɗaya na jinya ba.

"Ammi, ba ni yake so ba. Lasisina yake so ya rataya a bango."

"Ko ma mene ne, shi bai wanke hannu don ya taɓa ki ba."

"Shi ai bai san ana wanke hannu ba ma."

Ta jefe ni da zaren da ke hannunta, ta ci gaba da kuka.

Washegari da safe na tarar da Tanwir a ƙofar asibiti kan babur ɗinsa, idonsa jajur. Ina ganinsa zuciyata ta karaya, duk fushin da na kwana da shi ya zube.

"Na ji abin da ya faru," ya ce. "Ki yafe mata, Shaggu. Tsohuwar tarbiyya ce."

"Ta wanke hannunta, Tanwir. A gabana."

"Na sani. Wallahi ban ci abinci ba tun jiya. Ki ba ni lokaci kaɗan, zan samo hanyar da za ta yarda. Ni in ba ke ba, ba zan yi aure ba."

Na gaskata shi. Ban tambaye shi wace hanya ba.

*

Kwana tara bayan nan, zafin Yuni ya kai inda kwalta ke narkewa, zawo da amai suka cika mana sashe. Yara uku-uku a gado ɗaya. Fankoki biyu sun mutu. Warin ɗakin, ko mu da muka saba sai mun haɗiye yawu in mun shigo.

Wajen sha ɗaya na safe na ji ihu daga ƙofa.

"Ku taimake ni! 'Yata ba ta motsi!"

Sobiya ce, ba gyale a kanta, takalmi ƙafa ɗaya. A hannunta 'yarta Hurain, wata takwas. Begum Kausar na bayanta tana haki, Tanwir na biye da su.

Na karɓi yarinyar. Idanunta sun zurma, maɗigarta ta faɗa, na ja fatar cikinta ta tsaya cak ba ta koma ba. Hannunta na hagu kuwa ya kumbura sumtum, ya yi shuɗi.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Mai kantin can na tsallake," Sobiya ta ce cikin kuka. "Mun ga layi a nan, ya ce mu shigo zai sa mata ruwa yanzu-yanzu."

Ruwan duk a cikin tsoka ya zuba shi, bai sami jijiya ba.

Likitan da ke aiki ya gwada sau biyu a ɗaya hannun, jijiyoyin sun lafe. Ya ɗago yana gumi. "Sista Shagufta, zo ki gwada. Hannunki ya fi nawa a kan jarirai."

Na duba ƙafa, babu. Na aske gefen kanta kaɗan, na ga wata siririya kamar zare. Na yi bismilla na soka. Jini ya leƙo. Na manne da filasta, na buɗe ruwan.

A daidai lokacin cikin yarinyar ya sake. Zawo kamar ruwan shinkafa ya feso ta gefen ƙunzugu, ya wanke mini gaban riga har cinya, ɗumi-ɗumi.

Begum Kausar ta yi tsalle baya har ta buge gadon wasu. Sobiya ta juya kai tana yunƙurin amai. Na ɗaga ido neman Tanwir, na hango shi can bakin ƙofa, hankici a hanci.

Na ce a raina kowa haka yake yi da farko.

Na wanke Hurain, na goge ta, na canja zanen gado. Kafin a tashi aiki sau bakwai na wanke ta. Ban tafi gida ƙarfe biyu ba, sai da na ga ta yi fitsari ta buɗe ido ta nemi nono, wajen la'asar.

Ina fitowa Malik Iftikar ya tare ni a ƙofar kantinsa, yana murmushi da jajayen haƙora.

"Sista, ya jikin 'yar masu yadi? Kin ga abin da nake faɗa wa mahaifiyarki ko? Da kina bayan kantin nan, da hannunta bai kumbura ba. Ke kika ja mata."

Ya tofar da yawu kusa da takalmina.

"Malik Sahib," na ce, "yau sau bakwai aka yi mini zawo a jiki, ban ji ƙyama ba sai yanzu da na tsaya gabanka. Kada ka sake aika kowa gidanmu. Hannun yarinyar nan kuma na rubuta shi a takarda, likita ya sa hannu."

Murmushin ya ɗauke. Na tari riksha, keken haya mai ƙafa uku, na tafi.

*

Rana ta huɗu aka sallami Hurain. Tana dariya, tana jan abin wuyan uwarta. Sobiya ta tsaya gabana tana murza yatsu, ta buɗe baki ta rufe, can ta kamo hannuna biyu ta damƙe a ƙirjinta, hawaye na zuba.

Ina rubuta magunguna aka ce ana kirana a baranda. Begum Kausar ce, zaune kan benci, ta shimfiɗa jarida a ƙarƙashinta.

"Zo, beti. Zauna."

Beti. 'Yata ke nan ta kira ni, daɗi ya kama ni. Na zauna.

"Na ga aikinki kwana huɗu. Ba kya gajiya, ba kya yamutsa fuska. Na yi tunani, na yarda ki auri Tanwir."

Na sunkuyar da kai, hawaye suka cika mini ido. Ammi na fara tunawa.

"Amma da sharaɗi. Za ki bar asibiti."

"Khala..."

"Bari in gama. Ba zaman banza za ki yi ba. Akwai abin da ba ma faɗa wa mutane. Mahaifin Tanwir ba tafiya ya yi ba kamar yadda ake cewa. Yana ɗakin sama, shekara biyu ke nan. Ɓarin jikinsa ya shanye. Komai a kwance yake yi." Ta yamutsa fuska. "Komai. Masu aiki shida muka ɗauka, duk sun gudu. Na yanzu ma ya ce ƙarshen wata zai tafi. Bayansa ya fara ciwo, ɗakin ba ya shiguwa."

Na ɗago na dube ta.

"Suruka kuwa ba ta guduwa," ta ce, tana gyara awarwaronta. "Kuma sirrin gida ya tsaya a gida. Akwai ɗaki kusa da nasa, nan za ku zauna. Abu ɗaya dai, kicin ba naki ba ne. Za a dinga hawo miki da abinci. Kin san dai, hannu."

Shekara biyar ina shaƙar abin da mutane ke gudu, ban taɓa jin amai irin na wannan lokacin ba.

"Wa ya kawo wannan shawarar, Khala?"

Ta yi dariya. "Wa kuwa? Tanwir mana. Yaron nan akwai kai. Ya ce, Ammi, ki daina kallon ƙazantar, ki kalli amfanin."

*

A bayan sashenmu akwai fili inda ake shanya zannuwan gado. Nan na same shi yana jirana, fuskarsa fal murna, da kwalin alewa a hannu.

"Ta faɗa miki? Shaggu, mun yi nasara! Na ce miki zan samo hanya."

"Hanyar ke nan?"

Ya ga fuskata, murnar ta ragu. "Me ya faru?"

"Shekara biyu muna tare, Tanwir. Sau nawa na tambaye ka Abbunka? Ka ce yana Dubai."

"Ammi ce ta hana a faɗa. Abin kunya ne a wurinta."

"Ciwo ne abin kunya?"

"Ki fahimce ni. Ba ta da wata ƙofa da zan shiga sai wannan. Na yi kuka, na yi yajin cin abinci, ba ta motsa ba. Da na ga yadda kika yi da Hurain sai na ce ga dama. Dabara ce kawai, Shaggu. In an ɗaura aure, a hankali komai zai canja."

"Dabara." Hawayen da nake riƙewa suka ɓalle. "Ka je gaban mahaifiyarka ka tallata ni kamar yadin da ya ƙi fita a shago. Ba ka ce mata kana sona ba. Ka ce mata ina da amfani."

"Na sha faɗa mata ina sonki!"

"Da ta ƙi saye da wannan, sai ka sauko da farashi."

"Haba, Shaggu. Ai aikin da kike yi ne kullum. A nan kina yi wa 'ya'yan baƙi, a can za ki yi wa surukinki. Har lada ya fi."

"Kada ka sa mini lada a baki. Da kun zo kun ce, Shagufta, muna da mara lafiya, taimake mu, wallahi da a ranar zan bi ku in duba bayansa, ko da aure ko babu. Tsohon nan bai yi mini komai ba. Tausayinsa ma ya hana ni numfashi tun ɗazu. Amma ku kuna so in wanke mahaifinku da hannuna, sannan hannun nan ya yi ƙazantar da ba zai taɓa tukunyarku ba. In haifa maka 'ya'ya a ɗakin sama, a dinga miƙo mini abinci kamar mai kuturta. Ka ji wannan sharaɗin, ka ce to?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce zai canja."

"Yaran can fa?" Na nuna tagar sashenmu. "Mu huɗu ne a kan yara sittin. In na tafi su zama uku. Ka yi tunaninsu?"

"Za a kawo wata. Ni fa? Ni wa za a kawo mini?" Muryarsa ta karye, ya fara kuka sosai, kafaɗunsa na rawa. "Ina sonki, Shagufta. Allah ya sani. In kika ƙi, Ammi ta riga ta yi magana da gidan ƙanenta, kafin babbar salla za a ɗaura mini da 'yarsu. Kada ki bar ni."

Kukansa ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Wannan ne mutumin da ya taɓa tsayawa awa uku cikin rana don kawai ya miƙo mini ruwan rake mai sanyi. Na share fuskata da gefen gyale.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Shekara biyun nan da Abbunka yake kwance, sau nawa ka wanke shi?"

Ya kau da kai gefe.

"Sau nawa ka juya shi? Ka san mai irin ciwonsa duk awa biyu ake juya shi, shi ya sa bayansa ya ruɓe?"

"Ina shiga in gaishe shi kullum da safe."

"Daga ina?"

Da ƙyar ya ce, "Daga bakin ƙofa. Shaggu, ba zan iya ba ne. Zuciyata tashi take."

"Tawa ma tashi take. Ka ɗauka an haife ni ba hanci? Watana na farko a nan kullum sai na yi amai a bayan bishiyar can. Ina gamawa in kurkure baki in koma, don yaron da ke kwance ba shi da wanda zai yi masa."

Na sa hannu a aljihun rigata na zaro safar hannu guda biyu, na miƙa masa.

"Karɓi. Ga nawa sharaɗin. Ka koma gida yanzu, ka hau sama. Ruwan ɗumi, sabulu, tawul biyu. Ka fara daga fuska ka gangara, ka bushe shi sosai, ka juya shi ɓangaren da ba ciwo. Ka yi masa magana kana yi, yana ji. Kwana bakwai, da hannunka. Ranar ta takwas ka sauko ka ci abinci da mahaifiyarka a faranti ɗaya. In ka yi haka, ka zo gidanmu. Zan aure ka, zan taya ka jinyarsa har inda Allah ya kai mu, kuma ba zan bar aikina ba."

Ya daɗe yana kallon safar. A raina ina ta roƙo, ya Allah, ka sa ya karɓa, ka sa ya karɓa kawai.

Ya miƙo hannu. Da kan yatsu biyu ya kama bakin safar, ya ɗaga ta nesa da rigarsa.

"Shaggu," ya ce a hankali, "wannan... ba a taɓa amfani da ita ba dai ko?"

Kukan da nake yi ya tsaya cak.

Na dube shi tun daga gashin da ya sha mai har takalminsa mai sheƙi, na nemi mutumin da na yi shekara biyu ina so, ban gan shi ba.

"Sabuwa ce," na ce. "Ka riƙe ta. Gobe bayan na tashi aiki zan zo in wanke ciwon bayan Abbunka, in nuna wa mai aikinku yadda ake juya shi. Ka gaya wa Khala ta ƙofar gaba zan shigo. Ka gaya mata kuma ta je gidan ƙanenta ta sa rana."

"Shagufta! Tsaya, ba haka nake nufi ba!"

Ban tsaya ba. Daga cikin sashe wata uwa na ƙwala kiran Sista, ruwan ɗanta ya ƙare. Na naɗe hannun rigata na shiga.